Liyari: Kuɗin Sarauniyar Ostiriya da Ya Ci Kasuwar Kurmi

Duk wanda ya taɓa ratsa Wapa a Fagge cikin Kano ya ji tambayar da ba ta barin bakin 'yan canji da masu zuwa wurinsu: "Nawa dala take yau?" Dalar Amurka suke nufi. In ka tsallaka iyaka ka shiga kasuwar Maraɗi, mai ƙosai ta ce maka na dala biyar ne, sefa 25 take nema, domin a Nijar dala ɗaya tamma biyar ce. In kuma ka zauna da dattijon da ya yi wayo kafin zuwan naira a 1973, zai gaya maka cewa a zamaninsu sule biyu ake kira dala. Sunan dalolin nan uku daga gida ɗaya ya fito, kuma ɗan gidan da ya fi kowa daɗewa a hannun Hausawa shi ne wani faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton mace, wanda kakanninmu suke kira liyari, Barebari kuma suke ce masa gursu. A ƙasar Ostiriya aka buga shi, amma shekarun da ya yi yana aiki a Kano da Kukawa da Habasha da Yaman sun fi waɗanda ya yi a garinsu.

Kwarin da ya haifi sunan

A 1516 aka gano azurfa mai yawa a wani kwari cikin duwatsun Bohemiya, yankin da yake cikin Jamhuriyar Cek a yau. An raɗa wa wurin sunan Yowakim, wanda Kiristoci suke cewa shi ne mahaifin Nana Maryamu, aka riƙa ce masa Joachimsthal, wato Kwarin Yowakim. Wajen 1520 masu sarautar yankin suka fara buga manyan sulallan azurfa da abin da ake haƙowa. Sunan ya yi wa mutane tsawo a baki, sai suka gutsure shi ya koma "tala", ma'ana ɗan kwari. Da ya shiga bakin mutanen Holan da Ingilishi sai ya zama dala, kuma aka riƙa kiran duk wani babban kuɗin azurfa mai irin wannan nauyi da shi, har da na Sifen da ake bugawa da azurfar Meksiko da Peru. Lokacin da Amurka ta kafa nata kuɗin a 1792, awon na Sifen ta bi, ta kuma ɗauki sunan.

Ke nan sanda aka haifi Mariya Tariza a 1717, tala ta riga ta yi kusan shekara 200 tana yawo a Turai. Mahaifinta, Sarki Charles na Shida na gidan Habsburg, bai bar ɗa namiji ba. Da ya rasu a 1740 sai mulki ya faɗo a kanta tana da shekara 23, baitulmali babu kuɗi, maƙwabta kuma sun ga mace a kan gado sun wasa wuƙa. Frederick na Prussia ya ƙwace mata lardin Silesia, aka yi shekara takwas ana yaƙi a kan gadon nata. Ta tsira da sarautarta, ta yi shekara 40 tana mulkin Ostiriya da Hungari da Bohemiya, ta haifi 'ya'ya 16, cikinsu har da Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da aka sare wa kai a 1793.

Tun 1741 aka fara buga tala da hotonta. Abin da ya ba kuɗin ƙarfi ya zo ne bayan shekaru goma, lokacin da aka tsayar masa da awo, aka kuma ƙulla yarjejeniya da Bavariya a 1753 cewa ba za a taɓa awon ba. Kowane ɗaya nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya. In ka kasa shi shida, kashi biyar azurfa ce tsantsa, wato giram 23.39, kashi ɗaya kuma jan ƙarfe ne da aka haɗa don ya yi ƙwari, kada ya cinye da wuri a hannu. A gaba akwai sarauniya, a baya gaggafa mai kai biyu, a gefensa kuma an zagaye shi da rubutu mai tudu na taken mulkinta, wanda ma'anarsa adalci da rangwame. Rubutun gefen nan yana da aiki, domin a wancan zamani akwai masu kankare bakin kuɗi su tara garin azurfa, sannan su kashe shi a matsayin cikakke. Wanda ya kankare liyari kuwa, ko yaro ya duba gefen zai gane.

Shekarar da ta ƙi wucewa

Ostiriya ba ta da ƙasashen mallaka a ƙetare kamar Ingila ko Sifen, amma tana da azurfa, kuma tana maƙwabtaka da daular Turkawa ta Santambul. Turawa suna son gahawar Yaman da ake lodi a tashar Mokha, suna son alhariri da kayan yaji da turare, su kuwa fataken gabas ba su ga wani kayan Turai da ya kai azurfa a idonsu ba. Kuɗin Turkawa a lokacin ba shi da tabbas, don duk sanda baitulmali ya shiga matsi sai a rage azurfar da ke ciki a ƙara jan ƙarfe. A 1752 gwamnatin Ostiriya ta ɗage hanin fitar da tala waje, wani attajiri mai suna Johann Fries ya kama harkar, aka riƙa lodinta ta tashar Trieste da Benis zuwa Izmir da Iskandariyya. Gwamnati tana cin riba a kan kowane ɗaya da aka buga, kamar yadda masaƙi yake cin riba a kan zanen da ya saƙa.

Mijin sarauniya ya rasu a 1765, daga nan aka riƙa zana ta da lulluɓin takaba. Ita ma ta rasu ran 29 ga Nuwamba 1780, daidai lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake da shekara 25 yana yawon wa'azi. Bisa al'ada, sarki in ya mutu sai a daina buga kuɗinsa a fito da na magaji. Amma fatake suka nuna cewa kasuwannin gabas wannan fuskar suka sani, wata daban ba za ta karɓu ba. Ɗanta Joseph na Biyu ya amince a ci gaba da bugawa yadda yake, da shekarar 1780 a jiki. Samfurin da aka riƙe shi ne na ma'aikatar buga kuɗi ta garin Günzburg, mai ɗauke da haruffan S.F. a ƙarƙashin hoton, farkon sunayen ma'aikata biyu na wurin, Schöbl da Faby. Tun daga ranar ba a sake shekarar ba. Liyarin da aka buga a 1830 da na 1940 da na bara duka 1780 ke rubuce a jikinsu.

A 1857 Sarki Franz Joseph ya ayyana shi a matsayin kuɗin fatauci na waje, a ƙarshen Oktoba 1858 kuma aka daina karɓarsa a cikin Ostiriya kanta. Mutumin Biyana, babban birnin Ostiriya, ba ya iya sayen burodi da shi, alhali a Jidda da Masawa da Zanzibar shi ne ma'aunin ciniki. Larabawa suka yi masa laƙabi iri-iri: Abu Ɗair saboda tsuntsun da ke baya, Abu Nuƙɗa saboda ɗige-ɗigen lu'ulu'un da ke jikin adon sarauniya, a Jaziratul Arab kuma riyal faransi, duk da ba shi da haɗi da Faransa. Na Sifen mai ginshiƙai biyu suka ce masa Abu Madfa, don sun ɗauki ginshiƙan igwa ce. Ɗige-ɗigen nan su ne abin dubawar ɗan kasuwa. Sai ya shafa da babban yatsa, in ya ji sun shafe ya san kuɗin ya cinye, ya mayar wa mai shi ko ya rage masa ƙima.

Liyari da wuri

Ta Sahara ya iso mana. Daga Tarabulus ayari yakan bi ta Murzuk da Bilma ya sauka Kukawa, ko ya bi ta Gadamus da Gat da Agadas da Damagaram ya shigo Kano, inda Larabawa suke da masauki a Dandalin Turawa, kusa da Kurmi. Suna kawo takarda da alhariri da takubba da madubai da duwatsun wuya da liyari, suna komawa da jar fata da hauren giwa da gashin jimina da baƙin yadin Kano, da kuma bayi, waɗanda suke cikin manyan kayan wannan hanya a lokacin.

Kuɗin yau da kullum a ƙasar Hausa wuri ne, kuma shi ma baƙo ne, domin daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake kwaso shi. Wuri ya dace da cefane, don ana iya sayen abu na wuri biyar ko goma. Wahalarsa tana cikin babban ciniki. Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a tara hauya, a tara zangu, a tara zambar, in ya kai 20,000 a ɗinke shi a keso. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya tarar da ana ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa a farkon 1851, ya kuma rubuta irin jan aikin da ya gani. Da ya shigo Kano a watan Fabrairu na wannan shekara, zamanin Sarki Usman, ya sami ana canza dalar azurfa ɗaya, ta Ostiriya ko ta Sifen, a kan wuri 2,500.

A yi lissafi a gani. Keso guda liyari takwas ne, abin da bai kai rubu'in kilo ba. Raƙumi yakan ɗauki wuri 100,000, wato liyari 40, kilo ɗaya da 'yan kai, abin da mutum zai ɗaura a ɗamara ya rufe da riga babu wanda ya sani. Barth ya ƙiyasta cewa magidanci a Kano yana iya riƙe iyalinsa shekara guda, ci da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000. Da liyari, wannan 20 ne zuwa 24. Don haka liyari bai zama kuɗin mai sayen daddawa ba. Kuɗi ne na attajirai da sarakuna da madugai, na sayen doki da biyan bashin Larabawa da ajiya a tukunya. Alhazan da suke tafiya a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin su ma sun san amfaninsa, domin wuri yana daina aiki tun kafin a yi nisa, liyari kuwa ana karɓarsa tun daga bakin Tafkin Cadi har Makka.

A Barno lamarin ya fi rikitarwa. Can kuɗin gargajiya gabaga ne, wato ƙyallen saƙi, kuma wuri bai daɗe da shiga ba lokacin da Barth ya isa Kukawa, zamanin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir. Ana ƙirga wuri da ratal, kowane ratal wuri 32. Barth ya ga liyari yana sauka zuwa ratal 45 ko 50, wani lokaci kuma ya haura 100, wato daga wajen wuri 1,500 zuwa sama da 3,200, kuma mutanen gari sun shaida masa cewa da hannun manya a cikin wannan hawa da sauka. Ya ba da labarin kasuwar Litinin ta Kukawa, inda baƙauye zai kawo hatsi ya ƙi karɓar wuri, ya ƙi karɓar liyari. Mai son hatsi sai ya fara canza liyarinsa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya je ya yi musayar riga da hatsi. Kafin ya gama rana ta yi tsaka, shi ma ya jigata. Wajen 1870, da wani Bajamushen, Gustav Nachtigal, ya zo garin, liyari ya kai kimanin wuri 4,000.

Yana hawa a Kano, yana faɗuwa a Landan

In aka jera shaidar matafiya za a ga inda ƙimar ta nufa. Baturen Birtaniya Clapperton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya sami dala a kan wuri 2,000 a Kano. Barth ya same ta a 2,500 a 1851. Charles Robinson, wanda ya zauna a Kano a ƙarshen 1894 da farkon 1895, ana cikin ƙurar yaƙin Basasa, ya sami liyari a kan wuri 5,000. Mai kallo daga Kurmi zai ce liyari ne ya yi tsada, alhali wuri ne ya lalace. Tun daga wajen 1845 kamfanonin Jamus na Hamburg suka gano cewa akwai wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa cika jiragen ruwa da shi suna juyewa a Ikko da Wida don sayen manja. Ya malalo arewa ta hannun fatake har ya cika kasuwanni. Robinson ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya suka rasa yadda za su sayar da shi, saboda wurin da za a biya su sai an ɗauki 'yan dako 15, kuma ladan 'yan dakon zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari.

A daidai wannan lokaci liyari yana faɗuwa a wata kasuwar da mutanen Kurmi ba su gani. Bayan haɗewar Jamus a 1871, ƙasar ta koma kan ma'aunin zinariya ta fara sayar da azurfarta, wasu ƙasashen Turai suka bi sahu, ga kuma sababbin ma'adinai a Nevada ta Amurka suna ta fitar da azurfa. A farkon shekarun 1870 oza ɗaya na azurfa yana kusan kwabo 60 a Landan, zuwa 1894 ya faɗo ƙasa da kwabo 30. Liyarin da azurfarsa take daidai da sule huɗu na Ingila ya dawo wajen sule biyu. Attajirin da ya binne liyari 1,000 a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ya tono a zamanin Sarki Alu, in ya auna da wuri zai ga dukiyarsa ta ƙaru, in kuma Balaraben Tarabulus ya auna masa da fam na zinariya zai ce rabi ta tafi. Kuɗin bai canza ba ko da ƙwayar gero, abin da ake auna shi da shi ne ya motsa.

Masu mulkin da suka gwada ƙarfi da shi

Da yawa sun so su kore shi. A Sudan, bayan faɗuwar Khartum a 1885, gwamnatin Mahadi ta buga nata riyal. Magajinsa Halifa Abdullahi ya riƙa rage azurfar da ke ciki har ya zama kusan jan ƙarfe zalla, ana tilasta wa mutane karɓa, su kuwa suna ɓoye tsofaffin kuɗin azurfa na waje. A Habasha, inda guntayen gishiri da ake kira amole suke zaman canjin liyari, Sarki Menelik na Biyu ya sa aka buga masa kuɗin azurfa da hotonsa a Faris a 1894. Talakawansa sun girmama shi, ballantana bayan ya karya Italiya a Adwa a 1896, amma a kasuwa matar nan mai lulluɓi suka ci gaba da nema. Italiya ta fito da nata a Eritriya a 1890, ta sake gwadawa a 1918 da wani da aka zana masa mace don ya yi kama da liyari, duka ba su karɓu ba.

Wanda ya kasa kayar da shi sai ya koma sayensa. A 1868, da Birtaniya ta tura Janar Napier daga Bombay ya yaƙi Sarki Tewodros a Magdala, sai da ta aika Biyana aka buga mata liyari, don babu manomin Habasha da zai sayar da alfadari ko hatsi a kan kuɗin Sarauniya Biktoriya. Tashar Assab, inda Italiya ta fara kafa ƙafa a gaɓar Bahar Maliya, da liyari wani kamfanin jiragen ruwa ya biya kuɗinta a 1869. A 1935, shekarar da Mussolini na Italiya ya auka wa Habasha, ya karɓi ƙarafan buga kuɗin daga hannun Ostiriya aka koma bugawa a Rum. Da Birtaniya ta ga Italiya za ta riƙe maƙogwaron cinikin Bahar Maliya, sai ta sassaƙa nata ƙarafan ta fara bugawa a Landan a 1936, inda aka fitar da wajen miliyan 20 kafin a daina. Faris da Brussels da Birmingham su ma suka shiga. A Yaƙin Duniya na Biyu an buga kusan miliyan 19 a Bombay, aka yi amfani da su a yaƙin da ya mayar da Sarki Haile Selassie Addis Ababa a watan Mayu 1941. Ƙasashe biyu suna yaƙi da juna, kowacce tana biyan mutanenta da hoton sarauniyar wata ƙasa ta uku wadda ta yi shekara 160 a kabari.

Zuwan sule da tamma

A ƙasar Hausa ƙarshensa ya fi saurin zuwa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Gwamna Lugga ta hana shigo da liyari da wuri tun a shekarunta na farko, ta kuma nemi a riƙa biyan haraji da kuɗin Ingila. Aka fito da anini mai huda a tsakiya a 1907 don ya maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, shekara ɗaya bayan haka sulallanta suka fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suna biya da sule. Hanyar Tarabulus kuma ta mutu, saboda kaya ta teku da dogo sun fi araha, ga Italiya ta mamaye Libiya a 1911. Wanda zai biya haraji da sule, ya sayar da gyaɗa a ba shi sule, ba shi da sauran buƙatar liyari a kasuwa.

Sunayen dai ba su tafi ba. A Nijeriya dala ta koma kan sule biyu, wanda wasu ke kira fataka. A ɓangaren Faransa akwai babban kuɗin azurfa na tamma biyar, mai nauyin giram 25, wanda ya yi kusa da liyari a girma, sai sunan dala ya zauna a kansa. An kafa sefa a 1945, an karya darajarta a 1994, azurfa ta daɗe da fita daga cikin kuɗin, amma har gobe Bahaushen Damagaram da dala yake lissafi: sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jikka. A Cadi ma tamma biyar riyal ake ce mata da Larabcin ƙasar. Ita jikka ko jaka kuwa, wadda a da take nufin buhun wuri 20,000, ta koma fam 100 a Nijeriya, daga baya naira 200.

A gabas ya fi jimawa. Saudiyya ta fito da riyal ɗinta na azurfa a 1928, Habasha ta kawo sabon kuɗi a 1945 da sunan bir, kalmar da take nufin azurfa a harshen Amhara. Yaman ta riƙe liyari har bayan juyin mulkin 1962, Oman kuma sai a 1970 ta sami kuɗin da ya maye gurbinsa. Daular Habsburg ta rushe tun 1918, Ostiriya ta yi amfani da shilin, ta koma yuro a 2002, amma ma'aikatar buga kuɗi ta Biyana tana nan tana buga liyari da awonsa na 1753 da shekararsa ta 1780. An ƙiyasta cewa tsakanin 1751 da 2000 an buga kimanin miliyan 389.

Mafi yawan waɗanda suka shigo ƙasar nan a maƙera suka ƙare. Maƙeran fari sun san azurfarsa ba ta da algus, don haka suka riƙa narka shi suna ƙera awarwaro da munduwa da zobba da kayan doki, maƙeran Abzin kuma suna yin adon wuyan da ake kira na Agadas. Wasu aka yi musu kunne aka rataya a wuyan amare, ko aka jera a kitson matan Fulani da Shuwa, ya zama ado kuma ajiya, ranar da gida ya shiga matsi a cire ɗaya a kai kasuwa.

Hotuna da tambarin masu mulki da yawa sun bi ta kasuwannin nan, kowanne da doka a bayansa, wani ma da bulala. Liyari ba shi da sarki ko soja a Afirka, abin da ya riƙe shi kawai shi ne duk wanda ya karɓa ya auna sai ya sami abin da aka ce yana ciki, shekara da shekaru ba a taɓa rage masa ba. Mai karatu, in ka ci karo da shi a adakar kakarka, kada shekarar 1780 ta ruɗe ka ka ɗauka ka tsinci abin da ya haura shekara 240, domin mai yiwuwa a Landan ko Bombay aka buga shi a zamanin kakar taka. Ka duba rubutun gefensa, ka sa a auna maka shi, in ya cika giram 28 to kana riƙe da azurfa giram 23 da ɗoriya, kuma farashin azurfa na ranar shi ne ƙimarsa. In kana da hali kada ka kai shi maƙera, ka ajiye wa 'ya'yanka su ga irin kuɗin da kakanninsu suka yi fatauci da shi.